Karatun Sha'anin Mata a Jami'a: Ilmin da Ake Yanke Hukunci da Shi a Abuja

Ranar 1 ga watan Maris na 2022, 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa suka zauna a Abuja domin kaɗa ƙuri'a a kan gyare-gyaren kundin tsarin mulki. Cikin ƙudurorin da ke gabansu akwai biyar da suka shafi mata kai tsaye: a ware musu kujeru na musamman a majalisa, a ba su kaso a shugabancin jam'iyyu, a ba su kaso a naɗin ministoci da kwamishinoni, a yarda matar aure ta zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar, a kuma yarda 'yar Nijeriya da ta auri baƙo ta sama masa takardar zama ɗan ƙasa kamar yadda namiji ke sama wa matarsa. Duka biyar ɗin suka faɗi. Washegari mata suka yi dafifi a ƙofar majalisar, suka yi kwanaki suna zarya, har Majalisar Wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki.

A muhawarar da ta biyo baya, masu goyon baya sun riƙa kawo misali da Ruwanda, inda mata suka haura kashi 60 cikin 100 na majalisar wakilai, da Senegal, ƙasar Musulmi da ta yi dokar raba takara daidai tsakanin maza da mata a 2010. Masu adawa kuma suka tsaya a kan addini da al'ada. Kowane ɓangare ya yi ta magana da mutanensa. Wanda aka yi ƙarancinsa a tsakani shi ne mutumin da ya san alƙaluman, ya karanta Risala da Muhtasar, ya kuma san yadda ake zaman gida a Funtuwa ko Birnin Kudu, har zai iya cewa wannan saɗara za ta yi aiki, waccan kuwa za ta jawo rigimar da ba a buƙata. Irin wannan mutumin jami'a ce ke samar da shi, kuma ɗaya daga cikin fannonin da ya kamata su samar da shi shi ne nazarin mata da jinsi.

Fannin bai da wuyar bayani. Yana tambayar yadda al'umma ke raba aiki da dukiya da iko da nauyi tsakanin maza da mata, da yadda rabon ya samo asali, da abin da yake haifarwa ga lafiya da ilmi da arziki da zaman lafiya. Ba shi da kayan aikin da ya keɓanta da su. Aro yake yi daga tarihi da shari'a da tattalin arziki da ilmin zamantakewa da adabi da kiwon lafiyar jama'a. Ɗalibin da aka koyar da kyau zai fita ya iya karanta kasafin kuɗi ya gane nawa ya isa ɗakin haihuwa, ya iya zama da matan ƙauye ya yi hira ba tare da ya sa musu magana a baki ba, ya iya buɗe kundin kotu ya fitar da labarin da ke ciki.

A matsayin sashe mai zaman kansa, a Amurka ya fara, a kwalejin San Diego cikin 1970. A Afirka, Jami'ar Makerere ta Uganda ta buɗe nata sashen a 1991. Sai dai tarihin fannin a Nijeriya ya biyo ta Arewa fiye da yadda ake zato. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar WIN, wadda ta haɗa malamai da ɗalibai, maza da mata, masu son a yi nazarin halin da mata ke ciki da hujja; cikinsu akwai Ayesha Imam. A 1987 Farfesa Bolanle Awe, masaniyar tarihi, ta jagoranci kafa cibiyar bincike da adana bayanan mata a Jami'ar Ibadan. A 1996 kuma, a Kaduna aka yi taron da ya ɗora harsashin haɗakar masu nazarin mata ta ƙasa, bisa jagorancin Amina Mama, wadda haifaffiyar Kaduna ce, daga baya ta shugabanci cibiyar nazarin jinsi ta Jami'ar Cape Town. Abokiyar aikinta Charmaine Pereira, mazauniyar Abuja, ta wallafa littafi a 2007 a kan yadda bambancin jinsi ya shiga ginin jami'o'in Nijeriya tun daga tushe.

A yau jami'o'i da dama suna da cibiyoyin wannan nazari. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tata, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabance ta, Suwaiba Sa'id Ahmad, ta zama ƙaramar ministar ilmi a 2024. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a ƙarshen 2024, tana da cibiyar da ta haɗa nazarin jinsi da tsaro da ci gaban matasa. Galibi dai fannin ana samunsa ne a matakin babbar difloma da digiri na biyu, ko a matsayin darasi cikin sassan zamantakewa da siyasa da shari'a da adabi. Wannan tsari yana da amfaninsa: ɗalibi ya zo da sana'a a hannu, lauya ne ko malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, sannan ya ƙara ido na biyu.

Dalilin da ya sa Abuja ta zama ta daban a wannan batu shi ne nan ake mayar da bincike doka. Shirin inganta rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987 shi ya haifar da Cibiyar Raya Mata ta Ƙasa da aka buɗe a tsakiyar birnin a 1992, wadda yanzu take ɗauke da sunanta. Hukumar mata ta ƙasa da aka kafa a 1989 ta zama cikakkiyar ma'aikatar tarayya a 1995, shekarar babban taron mata na Beijing. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006, wadda ta yi alkawarin kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata, daga nan ta fito, kuma a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja aka yanke hukunci a watan Afrilun 2022 cewa wajibi ne gwamnati ta cika wannan alkawari. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ya haɗa da wanda ake yi wa maza, ta haramta kaciyar mata da korar mata daga gida da gudu a bar iyali ba ci ba sha, a Babban Birnin Tarayya ta fara aiki, hukumar NAPTIP ke kula da ita, kafin jihohi su bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Kotun ECOWAS ma a nan hedikwatarta take. Ita ce ta yanke hukunci a 2008 cewa Jamhuriyar Nijar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 aka riƙe ta a matsayin wahaya, wato baiwar da ake zama da ita kamar matar aure, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ita ce kuma a 2017 ta ba Dorothy Njemanze da abokan ƙararta gaskiya a kan kamen da jami'ai ke yi wa mata a titunan Abuja da dare bisa zargin karuwanci.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takardu wani ne ya rubuta daftarinta, wani ya tattara hujjarta, wani ya tsaya gaban kwamiti ya kare ta. Idan 'yan Arewa ba su cikin masu rubutawa, za a rubuta ba da su ba, sannan a aiko musu su zartar. Majalisar Dattawa ta goma mai kujeru 109 mata huɗu ne a cikinta, ɗaya ita ce Ireti Kingibe mai wakiltar Abuja, kuma babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. Inda muryar zaɓaɓɓu ta yi ƙaranci haka, nauyi yana komawa kan masana.

To amma akwai fargaba, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba ta da tushe. Iyaye da malaman addini da dama suna jin cewa karatu ne da aka shigo da shi domin a raba mace da mijinta, a raba yarinya da tarbiyyarta. Gaskiya ne cewa a jami'o'in Turai da Amurka wani babban ɓangare na fannin ya karkata ga batun auren jinsi ɗaya da sauya jinsi, abubuwan da addinan mafi yawan 'yan Nijeriya ba su yarda da su ba, dokar ƙasa ta 2014 kuma ta haramta auren. Gaskiya ne kuma cewa wasu littattafan da aka rubuta a kan matan Musulmi an rubuta su ne da idon tausayi mai raini, kamar duk wadda ke cikin kulle fursuna ce mai jiran mai ceto. Rigimar da ta tashi a watan Yulin 2024 a kan Yarjejeniyar Samoa, inda aka yi ta yaɗa cewa Nijeriya ta sa hannu a kan amincewa da auren jinsi, gwamnati ta musanta, Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ma ta ce babu wannan a takardar, ta nuna yadda zukata suke a ɗar-ɗar. Ta kuma nuna buƙatar a sami mutanen gida, waɗanda jama'a suka amince da su, da za su iya karanta irin wannan takarda daga farko har ƙarshe su faɗi abin da ke ciki.

Abin da masu fargabar ba su cika sani ba shi ne, mafi zafin sukar da aka yi wa mahangar Turawa daga cikin fannin ta fito, kuma 'yan Nijeriya ne suka yi ta. Ifi Amadiume a 1987 ta nuna, da bincikenta a garin Nnobi na ƙasar Ibo, cewa mulkin mallaka da zuwan mishan sun rage wa mata ikon da suke da shi a da. Oyeronke Oyewumi a 1997 ta yi jayayya cewa a tsohuwar ƙasar Yarbawa girman shekaru ne ke tsara matsayi fiye da kasancewa namiji ko mace, kuma masana na ta muhawara da ita har yau. Waɗannan mata ba su iya mayar da martani ba sai da suka karanta abin da suke suka. Wanda ya ƙaurace wa fage ba ya hana a yi wasa; sai dai a yi babu shi.

Shari'ar Amina Lawal ita ce misali mafi ƙarfi na abin da ilmin gida ke iya yi. A watan Maris na 2002 kotun Musulunci ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin jifa bisa samun ciki bayan mutuwar aurenta. Duniya ta ɗauka, wasiƙun koke suka riƙa yawo a intanet da miliyoyin sa hannu, wasu ɗauke da bayanan da ba daidai ba. A 2003 ƙungiyar BAOBAB, wadda Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1996, ta fito fili ta roƙi masu wasiƙun su dakata, domin kurakuransu da salon maganarsu na iya harzuƙa mutane su cutar da wadda ake son ceto. Lauyoyin da suka tsaya mata, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da sauransu, da tallafin ƙungiyar WRAPA mai hedikwata a Abuja, ba su ce Shari'a ba ta da kyau ba. Cikin fiƙihun Malikiyya suka shiga: haƙƙin mai iƙirari ya janye iƙirarinsa, ƙa'idar yadda ya kamata kotu ta zauna, da mas'alar kwantaccen ciki, wadda ta yarda a danganta ciki ga tsohon miji har tsawon shekaru bayan rabuwa. Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta wanke ta. Shekara guda da rabi kafin nan, Safiya Hussaini ta Tungar Tudu ta kuɓuta a Sakkwato ta irin wannan hanya.

Akasin wannan shi ne abin da ya sami ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata da Sanata Biodun Olujimi ta gabatar, wanda Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Maris na 2016. Babban abin da ya tayar da ƙura shi ne batun gado, domin sanatocin Arewa sun ga ya ci karo da rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade. Da masu daftarin sun zauna da masanin fara'ili tun farko, da sun ji cewa kukan matar ƙasar Hausa ya fi yawa a wani wuri dabam. Kason da Shari'a ta ba ta ne ake hana ta: a bar gona a hannun 'yan'uwa maza da sunan riƙo, a ja rabon gida shekara da shekaru, a sake ta da 'ya'ya ba nafaƙa, a kore ta daga ɗaki kafin idda ta cika. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da rahoto a 2005 a kan kare haƙƙin mata ta hanyar Shari'a, inda ta jera al'adun da suka saɓa wa abin da addini ya tanadar. Irin wannan aiki shi ne nazarin jinsi da aka yi da kayan gida, kuma malamin masallacin Juma'a zai iya hawa mumbari da shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albabi, ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata masu muƙamin jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Abin lura, kuma abin da ya kamata ya taɓa zuciyar ɗalibin Arewa, shi ne waɗanda suka tattara ayyukanta suka fito da su ga jami'o'in duniya a 1997 su ne Jean Boyd 'yar Ingila da Beverly Mack 'yar Amurka. Sun yi aikin kirki, sun cancanci godiya. Haka labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, da binciken Renée Pittin a kan aikin matan Katsina, da na Barbara Cooper a kan aure a Maraɗi. An daɗe ana nazarin matar Bahaushe a jami'o'in duniya. Abin da ya rage shi ne 'ya'yanta su yi yawa cikin masu nazarin, kamar yadda Ousseina Alidou ta Nijar ta yi da littafinta na 2005 a kan matan Musulmin ƙasarta.

Amfanin fannin ya fi fitowa fili idan aka duba abin da ya gano wanda ido bai saba gani ba. A 1969 masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a kan cinikin ɓoye da matan kulle ke yi daga cikin gida: hatsi, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ƙosai, daddawa. Ƙididdigar gwamnati na rubuta irin waɗannan mata a matsayin marasa aiki, alhali kasuwa ce sukutum a bayan zaure. Bayanta Enid Schildkrout ta yi bincike a birnin Kano ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan kasuwa; su ke sayo kaya, su ke kai talla, su ke karɓo bashi. Daga nan aka fahimci wani abu da wa'azi da faɗakarwa kaɗai ba su warware ba. Uwar da ta hana 'yarta makaranta sau da yawa ba ƙin boko take yi ba. Tallan yarinyar shi ne jarinta, da shi take zubin adashe, da shi za ta yi kayan ɗaki da gara ranar da aure ya zo, ranar da duk unguwa za ta zuba ido. In an ɗauke yarinyar ba a cike gurbin ba, an rufe mata shago. Shi ya sa shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 500 a 2020 domin karatun 'yan mata a jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya haɗa gina azuzuwa da ba iyaye matalauta tallafin kuɗi.

Haka batun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Likita zai ce zubar jini ne, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda. Amma binciken Sereen Thaddeus da Deborah Maine na 1994 ya raba matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Jinkirin farko ba a asibiti yake ba, a tsakar gida yake. Maigida ya tafi cirani, babu mai ikon cewa a fita da ita. Haihuwar fari ce, kunya ta hana ta faɗin tana jin ciwo. Kuɗin mota yana aljihun wanda ba ya nan. Daga wannan fahimta aka sami dabarun da aka gwada a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara: miji ya ba da izini tun kafin naƙuda ta zo, unguwa ta yi asusun gaggawa, direbobin ƙungiyar NURTW su ɗauki alkawarin kai mai naƙuda asibiti ko da tsakar dare. Duk wanda ya taɓa ganin matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina ya san waɗannan ba maganganun aji ba ne kawai.

Maza ma fannin nasu ne, ko da yake kaɗan ne ke shigarsa. Almajirin da aka kai birni yana ɗan shekara bakwai namiji ne. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu sha miliyan 14.3, uku cikin kowane huɗu maza. Saurayin da tsadar lefe da kuɗin haya suka hana shi aure, magidancin da aka auna mutuncinsa da abin da ya kawo cefane alhali aikin ya ƙare, tsohon ɗan bindigar da ake son ya ajiye makami ya koma noma, duka suna ɗauke da nauyin abin da al'umma ta ce shi ne zama namiji. Ba a fahimtar yawan mutuwar aure a Kano, wanda ya sa Hisba ta fara auren zawarawa a 2012, da sauraron ɓangare ɗaya.

Sai dai Abuja na da tarkonta, kuma ɗalibi ya kamata ya san shi tun kafin ya cike takardar neman gurbi. Birnin cike yake da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu masu teburin kula da jinsi, saboda haka akwai aiki, wani lokaci mai albashin da malamin jami'a ba ya mafarkinsa. Amma aikin yakan zo da tambayarsa a rubuce daga wajen mai ba da kuɗi. Sai ka ga mai digiri na biyu ya ƙware a rubuta takardar neman tallafi da shirya taron bita a otal da raba alawus, ya haddace kalmomin da ake son ji, amma bai taɓa kwana a ƙauyen da yake rubuta rahoto a kansa ba. Rahoton da Turanci yake, matan da aka yi dominsu ba za su taɓa jin abin da aka ce sun ce ba. Wannan ne ya fi ɓata wa fannin suna a Arewa, fiye da duk wata aƙida, domin mutane sun ga ana cin abinci da sunan talaucinsu. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, ayyuka da dama suka tsaya cak, aka ga irin haɗarin da ke cikin gina ilmi a kan aljihun wani.

Alhali filin bincike na gaske yana kewaye da birnin. Akwai sansanonin 'yan gudun hijira na Durumi da Kuchingoro da Wassa, inda matan da suka tsero daga Gwoza suka shafe sama da shekara goma suna riƙe da gidaje. Akwai matan Gbagyi da birni ya cinye gonakinsu, waɗanda tambayar wa aka biya diyya, wa aka manta, ta shafe su kai tsaye. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ta shiga makarantar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, daga cikinsu ta fito, kuma sana'ar da ta ɗaukaka ta har yanzu a hannun mata take a Ushafa da ƙauyukan Kwali. Akwai 'yan aikin gida da ake kawowa daga ƙauye, da ma'aikatan da ke fitowa daga Nyanya da Mararaba tun asuba su bar yara a hannun maƙwabta. Jami'ar ita kanta abin nazari ce: binciken da BBC ta fitar a 2019 a kan malaman da ke neman ɗalibai mata da maki, da maganganun da matasan Arewa suka yi a Twitter a wannan shekarar a kan cin zarafin da aka saba rufewa, sun nuna cewa harabar makaranta ba ta kuɓuta daga abin da take koyarwa ba.

Ga wadda ke Gwagwalada ko Kano ko Zariya tana tunanin shiga, ko wanda ke tunanin barin 'yarsa ta shiga, ma'aunin kwas mai kyau a fili yake. A duba ko ana koyar da ƙididdiga da dabarun bincike da gaske, domin ra'ayi ba tare da alƙaluma ba ba ya tsayawa gaban kwamitin majalisa. A duba ko cikin littattafan da ake karantawa akwai na 'yan Afirka, akwai tarihin Gambo Sawaba da gwagwarmayar da ta sa matan Arewa suka sami ƙuri'a a 1976, akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 da makarantunta da asibitocinta, akwai littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Zaynab Alkali, waɗanda suka yi maganar auren dole da kishi da karatun mata tun kafin a rubuta rahotanni a kansu. Ɗalibin da ya zo da Larabci da ajami da fiƙihu ya zo da abin da abokan karatunsa da yawa ba su da shi, domin takardun Gidan Arewa da na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da na Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da kundayen kotunan alƙalai masu cike da ƙarar aure da gado da riƙon yara, sai mai waɗannan harsuna ke iya buɗe su.

Saura kuɗin bincike, kuma nan ne hukumomin Abuja ke da abin yi. Asusun TETFund, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin da kamfanoni ke biya, yana da reshen tallafa wa bincike na ƙasa, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ce ke amincewa da manhaja, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke riƙe da alƙaluma, sabuwar hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta da aka kafa a 2023 kuma tana buƙatar masu bincike da suka san gidajen da yaran ke fitowa. Idan waɗannan suka ɗauki nauyin cibiyoyin nazarin jinsi na jami'o'i, suka kuma sharɗanta cewa kowane bincike da aka yi a kan al'umma a taƙaita shi da harshenta a karanta a rediyo, malamin Jami'ar Abuja zai iya zaɓar tambayarsa da kansa, ya tura ɗalibansa Kwali ko Abaji su zauna wata uku, su dawo da abin da matan can da mazansu suka faɗa da bakinsu.